Daga Baƙar Laraba zuwa Liz Truss: abin da rikicin kuɗi ya yi wa jam'iyyar Conservative

Da safiyar Juma'a, 5 ga Yulin 2024, aka karanta sakamakon mazaɓar South West Norfolk da ke gabashin Ingila, sai ga Liz Truss ta faɗi da ratar ƙuri'a 630 kacal. Kujera ce da ta ci da ratar sama da 26,000 a 2019, kuma ba a cika shekara biyu da saukarta daga muƙamin Firaministar Birtaniya ba. Ba ita kaɗai guguwar ta yi gaba da ita ba. Jam'iyyarta ta Conservative, ta masu ra'ayin riƙau, wadda ta lashe kujera 365 a 2019, ta wayi gari da 121, kaye mafi muni a tarihinta. Masu ba ta ƙuri'a sun sauko daga kusan miliyan 14 zuwa ƙasa da miliyan 7.

Dalilan faɗuwar suna da yawa, ba mai musu. Akwai shagulgulan da aka riƙa yi a fadar Firaminista lokacin kullen korona, har 'yan sanda suka ci tarar Boris Johnson. Akwai jerin jiran magani a asibitocin gwamnati da ya haura miliyan 7. Akwai yawan baƙin da ke shiga ƙasar, bayan an yi ta alkawarin rage su. Ga kuma gajiya, don shekara 14 ba kwana 14 ba ce. Amma duk wanda ya bi ƙuri'un jin ra'ayin jama'a na waɗannan shekaru zai ga wuri ɗaya da jam'iyyar ta rufta gaba ɗaya, ba ta sake miƙewa ba: makon ƙarshe na Satumban 2022. Kuma wannan ne karo na biyu cikin shekara 30 da irin haka ta same ta, abin mamaki duk a watan Satumba.

A siyasar Birtaniya an daɗe da wani rabon aiki a zukatan masu zaɓe. Labour ce ake wa kallon mai tausayi, ita ce ta asibiti da makaranta da haƙƙin ma'aikaci. Conservative kuwa ba a cika yabonta da tausayi ba, ita ma ba ta cika neman wannan yabon ba. Abin da take gaya wa mai zaɓe shi ne, ko ba ka ƙaunarmu, ka dai san mun iya riƙon kuɗi. Da wannan magana ta yi ta cin zaɓe. Lokacin da gwamnatin Labour ta James Callaghan ta je neman rancen kusan dala biliyan 4 wajen Asusun Lamuni na Duniya a 1976, sannan yajin aiki ya durƙusar da ƙasar a hunturun 1978 zuwa 1979 har shara ta yi tsibi a titunan Landan, Conservative ba ta bari an manta ba. Shekara 18 Labour ta yi tana kallon mulki daga nesa. Haka ma bayan rikicin bankuna na 2008. Wani ministan Labour, Liam Byrne, ya bar wa magajinsa ɗan wasiƙa cikin raha a 2010 cewa ba sauran kuɗi, sai ga Firaminista David Cameron na Conservative yana ɗaga kwafin wasiƙar a yaƙin neman zaɓen 2015.

To, jam'iyyar da ta gina sunanta a kan haka, idan aka kama ta da ɓarnar kuɗi da hannunta, hukuncinta ya fi na kowa tsanani.

Ranar da fam ya faɗi

A Oktoban 1990, John Major yana Ministan Kuɗi a ƙarƙashin Margaret Thatcher, Birtaniya ta shiga tsarin daidaita canjin kuɗaɗen Turai da ake kira ERM. Ta ɗaure fam da kuɗin Jamus na lokacin, wato mark, a kan fam ɗaya mark 2.95, tare da alkawarin ba za ta bari ya sauka ƙasa da kusan 2.78 ba. Manufar ita ce a aro ladabin Jamusawa wajen daƙile hauhawar farashi. Wata guda bayan haka Major ya zama Firaminista, kuma a Afrilun 1992 ya ci zaɓe da ƙuri'a sama da miliyan 14, adadin da har yau ba jam'iyyar da ta kai shi a Birtaniya.

Matsalar ita ce ƙasashen biyu ciwonsu ba ɗaya ba ne. Jamus ta haɗe Gabas da Yamma a 1990, tana ta zuba kuɗi a gabashi, farashi yana neman tashi, don haka babban bankinta ya ɗaga kuɗin ruwa. Birtaniya kuwa tattalin arzikinta a kwance yake, kamfanoni na rufewa, a 1991 kaɗai bankuna sun ƙwace gidaje kusan 75,000 daga waɗanda suka kasa biyan bashi. Ita sauƙin kuɗin ruwa take buƙata, amma ba dama, don tana sassautawa masu kuɗi za su gudu zuwa mark, fam ya faɗi ƙasa da iyakar da aka yi alkawari.

Manyan dillalan kuɗi suka gane cewa wannan alkawari ba mai ɗorewa ba ne. Dabararsu ba wuya: a ranto fam da yawa, a sayar da shi yanzu da yake da tsada, a jira ya karye, a saye shi da araha a mayar wa mai shi, a riƙe abin da ya rage. George Soros ne ya fi shahara a cikinsu, ana ƙiyasta ribarsa da kusan dala biliyan 1, amma ba shi kaɗai ba ne.

Laraba, 16 ga Satumban 1992, tun da sassafe Babban Bankin Ingila yake sayen fam da ajiyarsa ta kuɗaɗen waje, kasuwa tana ƙara antayo masa. Da hantsi gwamnati ta ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 10 zuwa 12 cikin 100. Ba abin da ya motsa. Bayan azahar aka sanar da cewa zai koma 15. Ka ɗauki mai bashin gida yana jin wannan a rediyo, sau biyu a yini ɗaya. Da magariba Ministan Kuɗi Norman Lamont ya fito ƙofar Baitulmali ya shaida wa 'yan jarida cewa Birtaniya ta janye daga tsarin. Kashi 15 ɗin bai ma fara aiki ba, washegari aka koma 10. Wannan ita ce ranar da ake kira Baƙar Laraba.

Daga baya Baitulmali ta ƙiyasta asarar da fam biliyan 3.3. Ga ƙasa irin Birtaniya wannan ba kuɗin da zai durƙusar da kowa ba ne. Abin da ya biyo baya ma alheri ne. Da aka kwance fam ya sauka, kayan Birtaniya suka yi araha a waje, kuɗin ruwa ya faɗo zuwa kashi 6 a farkon 1993. Marasa aikin yi, da suka kai kusan miliyan 3, suka ragu zuwa ƙasa da miliyan 2 kafin zaɓe na gaba. Kenneth Clarke, wanda ya gaji Lamont, ya miƙa tattalin arziki mai ƙoshin lafiya. Duk da haka, ranar 1 ga Mayun 1997 Tony Blair na Labour ya kwashe kujera 418, Conservative ta tsira da 165, ba ko ɗaya a Sikotland da Wales. Sai da ta yi shekara 13 da shugabanni huɗu kafin ta koma mulki.

Nan ne abin dubawa yake. Me ya sa farfaɗowar ba ta wanke su ba? A ganina, saboda farfaɗowar ita kanta shaida ce a kansu. Shekara biyu suna gaya wa mutane cewa a daure wa tsadar bashi da rufewar shaguna domin ɗaure fam shi ne kaɗai mafita. Sai mafitar ta zo ranar da aka fi ƙarfinsu aka tilasta musu sakin abin. Mutumin da aka ƙwace wa gida a 1991 zai tambayi kansa, ashe wahalar banza na sha? Kuma ba wanda ya ba shi haƙuri. Lamont ya ci gaba da zama a kujerarsa wata takwas. A wajen kamfe na zaɓen cike gurbi a Newbury aka tambaye shi abin da ya fi yin nadamarsa, ya amsa da Faransanci cikin barkwanci cewa ba ya nadamar komai. Suka faɗi zaɓen warwas, ba a jima ba Major ya cire shi. Shi kuma a jawabinsa na ban kwana a majalisa ya ce gwamnatin tana nuna kamar tana ofis ne kawai amma ba ta da iko, maganar da ta bi Major har ƙarshen mulkinsa. Ana wata ga wata: jam'iyyar da ta ci zaɓen 1992 da tsoratar da mutane kan harajin Labour, ita ce ta ɗora harajin kayan masarufi a kan wutar lantarki da gas na gidaje.

Sannan gida ya rikice. 'Yan majalisar da tun farko ba sa son kusantar Turai suka ce ai ga irinta nan. Suka hana Major sakat a kan yarjejeniyar Maastricht da ta kafa Tarayyar Turai, har a 1995 ya ajiye shugabancin jam'iyya ya ce mai ja da shi ya fito, John Redwood ya fito, Major ya kayar da shi amma rigimar ba ta mutu ba. A 1993 aka kafa UKIP, jam'iyyar masu neman Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai. Zaren da ya kai ga ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai a ƙuri'ar 2016, idan aka bi shi baya, zai biya ta wannan Larabar.

Kwana 49

Na 2022 ya fi saurin ci. Johnson ya sanar da murabus a Yuli. A zagayen ƙarshe na 'yan majalisar jam'iyya Rishi Sunak ne kan gaba da ƙuri'a 137, Truss na da 113, amma hukuncin ƙarshe na hannun mambobi masu kati, kimanin 172,000 a ƙasa mai mutum miliyan 67. Sunak ya yi ta jan kunne cewa rage haraji da kuɗin bashi a lokacin da farashi ke tashi zai ɗaga kuɗin ruwa. Mambobi ba wannan suke son ji ba. Truss ta samu 81,326, Sunak 60,399. Ranar 6 ga Satumba ta karɓi mulki daga hannun Sarauniya Elizabeth, bayan kwana biyu Sarauniyar ta rasu.

A makon ne kuma sabon Ministan Kuɗi, Kwasi Kwarteng, wanda iyayensa 'yan Gana ne, ya sallami Tom Scholar, babban sakataren Baitulmali, mutumin da ya ga rikicin 2008 da idonsa. Aka kuma sanar da tallafin makamashi mai cin maƙudan kuɗi, saboda yaƙin Rasha da Yukiren ya sa gas ya yi tashin gwauron zabi. Ranar Juma'a 23 ga wata Kwarteng ya gabatar da ƙwarya-ƙwaryar kasafi: ragin haraji na fam biliyan 45, mafi girma tun 1972. Za a soke harajin kashi 45 da masu samun sama da fam 150,000 a shekara ke biya. Za a fasa ɗaga harajin kamfanoni daga 19 zuwa 25. Za a cire iyakar garaɓasar ma'aikatan banki. Ina kuɗin za su fito? Daga bashi, da fatan tattalin arziki zai bunƙasa ya cike giɓin.

Akwai hukuma mai zaman kanta, OBR, da aikinta shi ne ta duba lissafin kasafi ta gaya wa duniya ko ya tashi. Conservative ce da kanta ta kafa ta a 2010, don ta nuna ita ba irin Labour ba ce. Kwarteng bai bari ta fitar da hasashenta ba. Kuma kwana ɗaya kafin kasafin Babban Banki ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 2.25 don ya rage kuɗi a hannun jama'a, farashi na tashi da kusan kashi 10, ga gwamnati kuma ta zo za ta ƙara zubawa. Ranar Lahadi Kwarteng ya shiga talabijin ya ce akwai saura tafe. Kafin gari ya waye ranar Litinin, a kasuwannin Asiya fam ya faɗi zuwa kusan dala 1.03, matakin da bai taɓa sauka ba.

Amma ba faɗuwar fam ce ta kusa rusa gidan ba, takardun bashin gwamnati ne. Gwamnati idan za ta ci bashi takarda take sayarwa, mai saye yana karɓar wani abu ƙayyadadde duk shekara. A ce takardar fam 100 ce tana biyan fam 4. Idan masu saye suka ja baya har farashinta ya sauka zuwa 80, fam 4 ɗin nan ya zama kashi 5 ke nan. Wato faɗuwar farashin takarda da tashin kuɗin ruwan gwamnati abu ɗaya ne. Kuma da wannan ma'auni bankuna ke yanka kuɗin ruwan bashin gida da na kamfanoni. Cikin kwana uku na kasuwa, ruwan takardun shekara 30 ya tsallake kashi 5, tashin da ba a saba gani ba ko a cikin watanni.

Sai wani rami da mutane ƙalilan suka san da shi ya buɗe. Asusun fansho da yawa sun daɗe suna amfani da wata dabara da ake kira LDI: suna jinginar da takardun gwamnati su ci bashi, su ƙara sayen wasu. Kamar ɗan kasuwa ne a Dawanau da ya jinginar da buhunan masara ya karɓi kuɗi. Farashin masara na sauka, mai kuɗi ya ce jinginarka ta yi kaɗan, ciko nake so yau. Ba shi da tsabar kuɗi, sai ya fitar da wasu buhunan ya sayar. Maƙwabtansa duk halin da suke ciki ke nan, kowa na sayarwa, farashi na ƙara faɗuwa, mai kuɗi na ƙara neman ciko. Haka aka yi ta juyawa, har ranar 28 ga Satumba Babban Banki ya shigo ya ce zai sayi takardun, har na fam biliyan 65 idan ta kama, zuwa 14 ga Oktoba. A ƙarshe na biliyan 19.3 ya saya. Kwana ɗaya kafin nan Asusun Lamuni na Duniya ya fito fili ya nemi Birtaniya ta sake tunani, irin jan kunnen da ƙasashe masu tasowa suka fi sabawa da shi.

Talakan Ingila bai damu da LDI ba. Abin da ya gani shi ne bankuna sun janye ɗaruruwan tayin bashin gida a dare ɗaya, kuma matsakaicin ruwan bashin da ake ƙayyadewa na shekara biyu ya haura kashi 6. A can yawancin masu gida ba sa ƙulle ruwan bashinsu na tsawon rai, shekara biyu ko biyar suke yi, sannan a sake ciniki. Iyalin da ke da bashin fam 200,000 na shekara 25, a kan kashi 2 suna biyan kusan fam 850 a wata. A kan kashi 6 ya zama kusan 1,290. Ƙarin fam 440 duk wata, albashi bai motsa ba. Su wane ne waɗannan? Masu gidan kansu a garuruwan kudancin Ingila, ma'aikata masu rufin asiri, wato ainihin mutanen da Conservative ke taƙama da su. Kuma da yake ba rana ɗaya wa'adin kowa ke cika ba, wasiƙun banki sun yi ta isa gidaje wata bayan wata, duk tsawon 2023 har zuwa ranar zaɓe.

Ranar 29 ga Satumba kamfanin YouGov ya fitar da ƙuri'ar jin ra'ayi: Labour kashi 54, Conservative kashi 21. Sauran labarin gajere ne. Ranar 3 ga Oktoba, ana tsakiyar babban taron jam'iyya a Birmingham, aka yi amai aka lashe kan harajin masu kuɗi. Ranar 14 aka kira Kwarteng daga Washinton aka kore shi, kwanansa 38 a ofis. Jeremy Hunt ya karɓa, cikin kwana uku ya soke kusan komai, Truss na zaune a majalisa tana kallo. Wata jarida ta ajiye ƙullin latas gaban kyamara tana tambaya wa zai riga wani yanƙwanewa, shi ko Firaminista. Ranar 20 ta sanar da murabus, latas ɗin yana nan, ranar 25 ta miƙa mulki. Kwana 49, mafi gajarta a tarihin muƙamin.

Idan ɓera da sata

Truss har yau tana cewa an yi mata taron dangi ne, Babban Banki da Baitulmali da OBR. Yawancin wannan magana kare kai ce, don ba wanda ya tilasta mata ɓoye lissafi ko korar mai ba da shawara. Amma daddawa ma da wari. Ramin LDI ba ita ta haƙa shi ba, ya daɗe a ƙarƙashin idon masu sa ido. Kuɗin ruwa kuma yana tashi a duk duniya a lokacin, Amurka ce ma kan gaba. Bayan Sunak ya hau a 25 ga Oktoba kasuwa ta lafa, amma Babban Banki ya ci gaba da ɗaga ruwa har 5.25 a Agustan 2023, kuma a Yulin wannan shekarar ruwan bashin gida ya zarce inda ya kai a zamanin Truss. Ma'ana, kaso mai yawa na fam 440 ɗin can da ma zai zo ko da ba a taɓa yin ƙwarya-ƙwaryar kasafin ba.

Sai dai siyasa ba ta aiki da irin wannan rabe-raben. Hauhawar farashi abu ne mai sarƙaƙiya, ba shi da fuska, kowa na iya ɗora shi a kan Putin ko korona. Truss ta ba shi fuska da suna da kwanan wata. Daga nan duk wanda bashinsa ya tashi ya san wanda zai zarga, shugaban Labour Keir Starmer da mai magana da yawun jam'iyyar kan kuɗi a lokacin, Rachel Reeves, kuma ba su gaji da tuna masa ba, kamar yadda aka yi musu da wasiƙar Byrne. Sunak ya rage ratar da Labour ta ba su daga 30 da wani abu zuwa kusan 20, a nan ta tsaya cak. Hauhawar farashi ta sauko daga 11.1 zuwa 2 kafin zaɓe, Hunt ya rage kuɗin inshorar ƙasa da ake cira daga albashi har sau biyu, ko gezau. Sunak, mutumin da ya yi gargaɗin abin tun farko, shi ya biya kuɗin sabulu, don mai zaɓe jam'iyya ya hukunta, wadda ta ga gargaɗin ta zaɓi ɗayar.

Ba ko'ina ne hukuncin ke daɗewa haka ba. A Ayislan, manyan bankuna uku sun rushe cikin mako guda a Oktoban 2008, ɓarnar da ta ninka ta Birtaniya nesa ba kusa ba idan aka auna da girman ƙasar. Jama'a suka fito da tukwane da cokula suna kaɗawa a ƙofar majalisa har gwamnatin Geir Haarde ta faɗi a Janairun 2009. Jam'iyyarsa ta Independence, ita ma ta 'yan riƙau, ta sauka zuwa kusan kashi 24, har aka gurfanar da shi gaban kotu ta musamman. Amma a 2013 ta dawo cikin gwamnati. Bambancin, a fahimtata, biyu ne. Rushewar ta zo tare da ta duniya, akwai shugabannin bankuna da za a nuna da yatsa, wasunsu ma an ɗaure su. Sannan gwamnatin hagu da ta gaje su ita ta sha ɗacin tsuke bakin aljihu, fushin jama'a ya koma kanta. A Birtaniya ta 1992 da ta 2022 ba wanda za a raba laifi da shi, kuma jam'iyyar ta ci gaba da zama a kan mulki, shekara huɗu da rabi a karon farko, kusan biyu a na biyu, tana tsaye a gaban mutane kullum suna tunawa.

Abin da 1997 ba ta da shi

Bayan 1997 Conservative ta ji jiki, amma ba ta da kishiya a ɓangarenta. Jam'iyyar Referendum ta attajiri James Goldsmith ta samu ƙuri'a kusan 800,000 ta ɓace. Duk mai son hukunta Labour daga ɓangaren 'yan riƙau, ƙofa ɗaya gare shi, don haka jira kawai ya rage mata har Labour ta yi nata kuskuren, wanda ya zo a 2008.

2024 daban ce. Labour ta ci kujera 411 da kashi 33.7 kacal na ƙuri'u, wato ba son Starmer ne ya yi yawa ba. Abin da ya faru shi ne Conservative ta tsage biyu. A yankunan masu hali na kudu, Liberal Democrats ta kwashe har ta kai kujera 72. A ɗaya gefen, Reform UK ta Nigel Farage ta samu ƙuri'a sama da miliyan 4, kashi 14, duk da kujera 5 kawai ta ci, amma ta zaftare ƙuri'un da suka kayar da 'yan Conservative a mazaɓu da dama, har da ta Truss. Da can, maganar iya riƙon kuɗi ce ke haɗa attajirin Surrey da ke kudu da ma'aikacin arewacin Ingila da ya zaɓi Johnson saboda Brexit, wato ficewa daga Tarayyar Turai. Da ta tafi, kowa ya kama gabansa.

A Nuwamban 2024 jam'iyyar ta zaɓi Kemi Badenoch, wadda aka haifa a Landan ta tashi a Legas, kuma masu karatu a arewacin Najeriya ba su manta kalamanta a kan ƙasar da yankin ba, har Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ce in ta ga dama ta cire Kemi daga sunanta. Aikin da ke gabanta ya fi wannan cacar baki nauyi. A zaɓen ƙananan hukumomi na Mayun 2025 jam'iyyarta ta rasa kansiloli sama da 600 da dukkan majalisun da take karewa, Reform ce ta fi kowa cin riba. Sai a Yunin 2025, kusan shekara uku bayan abin, mai magana da yawunta kan harkar kuɗi, Mel Stride, ya fito ya nesanta jam'iyyar daga kasafin Truss, ya ce ba za su sake yin alkawarin da ba su da kuɗinsa ba. Truss ta mayar masa da martani mai zafi, kuma har yanzu akwai masu ganin manufarta daidai ce, gaggawa ce ta ɓata ta.

Labour ma ba ta tsira daga kasuwar ba. A 2025 ruwan takardun shekara 30 ya kai matakin da ba a gani ba tun 1998, sama da na makon Truss, ko da yake a hankali ya hau ba a kwana uku ba. A tsohon lissafi wannan dama ce ta Conservative. Amma a ƙuri'un jin ra'ayi na mafi yawan shekarar Reform ce ke gaba, jam'iyyar Farage, mutumin da a ranar 23 ga Satumban 2022 ya yabi kasafin Kwarteng da cewa shi ne mafi kyau da Conservative ta yi tun 1986. Shi ma a Nuwamban 2025 ya janye alkawuran babban ragin haraji da jam'iyyarsa ta shiga zaɓen 2024 da su, ya ce halin da baitulmali ke ciki bai ba da dama ba tukuna. Doka ta ce a yi babban zaɓe na gaba kafin ƙarshen Agustan 2029.